Ku Bar Majinyaci Ya Yi Dariyarsa

Jama'a, akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a cikinmu, ta sa rigar ladabi, ta naɗa rawanin tsoron Allah, har ba mai iya ɗaga ido ya dube ta. Ni kuwa na dube ta, na ga zalunci ce, kuma a kan wanda ba shi da ƙarfin ramawa a ke yin ta. Al'adar ita ce hana mara lafiya yin raha. Mutum yana kwance, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya sami wata 'yar magana ta ban dariya ya jefa, sai ka ga masu dubiya sun sha kunu, wani ya yi gyaran murya, wani ya ce, "Haba, ka ji tsoron Allah mana!" Da waɗannan mutane na ke faɗa yau, alhali kuwa ni ma na taɓa zama a cikin sahunsu.

Ku tuna yadda mu ke zuwa dubiya. Tun daga zaure, ko daga ƙofar asibiti, kowa ke tattara fuskarsa wuri guda kamar wanda ya zo ta'aziyya. A shiga, a ce sannu, a ce ya jiki, a ce Allah ya sa kaffara ne. Wannan duk daidai ne, ba ni da ja. Amma da an shafa fatiha sai a yi tsit, a zuba wa majinyaci ido, mutum goma a kan ɗaya, kamar an kewaye ragon layya ana kimanta namansa. In shirun ya yi yawa, sai wani ya ɗauko labarin surukinsa da ya yi irin wannan ciwo, wai shi ma haka ƙafarsa ta fara kumbura, bai kai kwana arba'in ba. Wani ya ce ai ɗakin nan ba a fita daga cikinsa da rai. Duk wannan ba mai tsawatarwa, don da ɗaurarriyar fuska aka faɗa. Amma in mai ciwon da kansa ya kuskura ya yi wasa, to, shi ne ya yi saɓo.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ni akawu ne, kuma shekara da shekaru teburina yana kusa da na wani Bafilatani mai riƙe da littafin albashi. Ba zan faɗi sunansa ba, mu ce da shi Malam Wane. Yana da ciwon suga, ya daɗe yana fama. Wata rana ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, bai ko ji ba, gama ciwon nan yakan kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka garwashi bai sani ba. Kafin a farga wurin ya ruɓe, ruɓar ta fara haurawa, likita ya ce ko ƙafa ko rai. Aka yanke ta dama daga ƙasan gwiwa.

Bayan kwana uku muka tafi dubiya, mu biyar daga ofis, muka tarad da danginsa sun cika gefen gado. Na gaishe shi muryata tana rawa, ina ta kau da ido daga inda bargo ya lotsa. Ashe ya lura. Sai ya ce, "Malam, ka zo da littafi?" Na ce, "Wane littafi?" Ya ce, "Na ma'aikata. Rubuta: ƙafar dama ta bar aiki ran Talata, ba takarda, ba sallama. A tsai da albashinta." Dariya ta kuɓuce mana, shi ma ya yi har yana dafe ciki. Ya ƙara da cewa, "Kuma kada ku ji tausayina. An kai ta maƙabarta an binne, ta riga ni ta kama mini wuri mai inuwa. Ku kuwa sai inda aka samu."

Nan fa wani baffansa, dattijo mai furfura, ya buga sandarsa ƙasa, ya ce, "Kai, yaro! Allah ya jarrabe ka, maimakon ka riƙe carbi ka yi istigfari, sai ka tara mutane kana wasa da kabari? Ashe har yanzu ba ka yi hankali ba?" Yaron nan fa shekararsa hamsin da 'yan kai. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa, na tuba." Ya juya fuskarsa bango. Muka zauna shiru. Ba a jima ba na ga gumi ya karyo masa, ya fara cije leɓe, ya ce a kira masa ma'aikaciyar jinya a ƙara masa allura. Ni kuwa, don kunyar furfura, ban ce uffan ba, har na gyaɗa kai kamar na yarda. Wannan gyaɗa kai ya daɗe yana cin raina.

Baffan nan ba mugu ba ne. Ya yi tafiyar yini guda a mota don ya ga ɗan ƙanensa, kuma abin da ya faɗa ya gaskata shi har zuciyarsa. Shi ya sa maganar ta ke da wuya, domin da mugaye ne ke yin ta da tuni an gane ta. Saboda haka mu ɗauki hujjojin masu wannan ra'ayi mu auna.

Babbar hujjarsu ita ce addini. Sun ce ciwo wa'azi ne, wanda a ke yi wa wa'azi kuwa ba ya dariya. To, ni ba malami ba ne, na dai sauke Alƙur'ani, na ɗan zauna zauren malamai, amma abin da zan kawo sananne ne, kowa yana iya tambayar limamin unguwarsu. Ibnu Majah ya ruwaito labarin Suhaibu, sahabin nan da a ke yi wa laƙabi da Barume. Ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana fama da ciwon ido, ya tarad da gurasa da dabino, aka ce ya matso ya ci, ya kama cin dabino. Annabi ya tambaye shi yadda zai ci dabino yana ciwon ido. Suhaibu ya amsa cewa ai ta ɗaya gefen ya ke taunawa. Annabi ya yi murmushi. Ku duba fa: mara lafiya ne ya yi wasa da ciwonsa, a gaban mafificin halitta, abin da ya samu kuwa murmushi ne. Ba a buga masa sanda ba.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Malaman hadisi da na tarihi sun kawo cewa a shekara ta 11 bayan Hijira, Annabi ya komo daga maƙabartar Baƙi'a ya tarad da Nana A'isha tana kuka da ciwon kai. Ya gaya mata shi ma kansa ke ciwo, kana ya zolaye ta cewa ba abin da zai cuce ta in ta riga shi, tun da shi zai yi mata wanka da likkafani, ya sallace ta, ya binne ta. Ita kuwa ta mayar masa cewa kamar tana ganinsa, da ya gama sai ya komo ɗakinta ya tare da wata daga cikin matansa. Ya yi murmushi. Wannan ciwon kai shi ne farkon ciwon da ya yi wafati a cikinsa. Ga miji da mata, duka biyu ba lafiya, suna raha a kan mutuwa da likkafani. Wane ne a cikinmu zai tashi ya ce ya fi gidan nan tsoron Allah?

Za su ce ai an hana yawan dariya, an ce tana kashe zuciya. Gaskiya ne. Amma yawa aka ce. Wannan gargaɗi ne ga mai lafiya wanda ya mai da rayuwarsa duka shashanci. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba, ya wuni yana nishi, ya sami minti biyu ya yi dariya a cikin awa ashirin da huɗu, ina yawan ya ke? Haƙurin da aka umurce mu da shi a kan ciwo shi ne kada mutum ya yi fushi da hukuncin Ubangijinsa, kada kuma ya yanke ƙauna. Ban ji inda aka ce haƙuri shi ne shan kunu ba. Malam Wane carbinsa yana ƙarƙashin matashinsa, yana taimama yana salla a kwance, ko ɗaya ba ta wuce shi ba. Bakin da ya yi istigfari da asuba shi ne ya yi raha da la'asar, ba su hana juna ba.

Hujja ta biyu ita ce ta masu ganin sun fi majinyaci sanin halin da ya ke ciki. Su kan fita waje su yi raɗa, su ce, "Allah sarki, bai san abin da ke gabansa ba, shi ya sa ya ke wasa." Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Mu da muka zo da ƙafafunmu biyu, muka kasa duban inda bargo ya lotsa, mu ne muka sani, shi da ke kwana da dungulmin bai sani ba? Mutum ba ya iya yin wasa da abu sai ya dube shi ido da ido. Wanda ya ce ƙafarsa ta kama masa wuri a maƙabarta, ai ya riga ya yi tunanin maƙabarta ke nan, tsakar dare, sa'ad da mu ke minshari. Wanda bai yarda da ciwonsa ba shi ne mai cewa ba kome, maiƙo ne kawai, gobe zan koma ofis. Irin wannan ba ya wasa da ciwo, ko ambatonsa ba ya so a yi.

Ku tsaya ku duba abin da babban ciwo ke yi wa mutum ban da zafi. Jiya shi ne maigida, shi ke ba da kuɗin cefane, shi ke raba gardama. Yau an tuɓe masa riga da hula, an sa masa wata 'yar shara, sunansa ya koma gado na bakwai. Likita ya zo da almajiransa su tsaya a kansa suna Turanci, kamar shi ba ya wurin. A kawo masa fo a gaban baƙi. 'Ya'yan da ya haifa su koma bayan labule suna yanke shawara a kansa. Kome sai an yi masa: a ɗaga shi, a juya shi, a ba shi a baki. Kullum hannunsa a ƙasa ya ke, yana karɓa, yana godiya. Mu kuwa mun san yadda Bahaushe ke ji in baƙo ya zo masa ba shi da abin da zai miƙa. To, majinyaci ba shi da ruwa, ba shi da tabarma, ba shi da goro. Abin da ya rage masa ya ba baƙinsa shi ne raha. A lokacin da ya sa mutum biyar dariya, ya sake zama mai masauki, hannunsa ya komo sama. Wanda ya tsawata masa daidai ya ke da baƙon da aka miƙa wa goro ya doke hannun. A ina aka koya mana wannan ladabi?

Ita allurar da Malam Wane ya nema bayan an yi masa faɗa, na daɗe ina tsammanin dacewa ce kawai. Daga baya na sami labarin abin da masana suka gano. A shekarar 1964 wani Ba'amurke mai suna Norman Cousins, editan wata babbar mujalla, ya komo daga tafiya Rasha, wani ciwo ya kama shi mai sandarar da ƙashin baya da gaɓoɓi, har juyawa a gado ta zama azaba. Aka gaya masa cikin mutum 500 masu irin halinsa ɗaya ke warkewa. Da yardar likitansa ya bar asibiti ya kama ɗaki a hotal, aka kawo masa majigi, ya riƙa kallon wasannin ban dariya, yana kuma shan bitamin C mai yawa. Ya ba da labari cewa in ya yi dariya ta gaske minti goma, yakan sami barcin awa biyu ba zafi. Ya tashi, ya koma aikinsa, ya rubuta littafi a kan abin a 1979, bai rasu ba sai a 1990.

Labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja, balle likitocin baya sun yi ta musu a kan ainihin ciwon da ya same shi. Amma maganar zafin an gwada ta. A 2011 wani shaihin malami na Jami'ar Okusfod a Ingila, Robin Dunbar, shi da abokan aikinsa suka bayyana gwajin da suka yi. Su kan auna iyakar zafin da mutum zai iya jurewa, ko ta ɗaura masa wani abu mai sanyin ƙanƙara a hannu, ko ta matse damtsensa da abin awon jini. Sa'an nan waɗansu a nuna musu wasan ban dariya, waɗansu a nuna musu abin da ba dariya a ciki, a sake aunawa. Waɗanda suka yi dariya sun fi jurewa bayanta, waɗancan kuwa ba su ƙaru da kome ba. Dariyar da ta yi aiki ita ce ta gaske, wadda ke girgiza ciki, irin wadda a kan yi cikin jama'a, ban da yaƙen ladabi. A 2017 kuma masana a birnin Turku na ƙasar Finlan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane bayan sun yi rabin awa suna dariya tare da abokansu, suka ga ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari nata na kashe zafi, wanda a ke kira endofin, ɗan'uwan abin da ke cikin allurar da a ke yi wa wanda aka yi wa aiki. Watau Allah ya ajiye wa ɗan Adam ɗan kantin magani a cikin kansa, dariya kuwa tana cikin mabuɗansa. Ran nan Baffa mabuɗin ya ƙwace, bai sani ba.

To, kada wani ya ɗauki maganata ya gudu da ita, gama akwai wata ƙungiya a ɗaya gefen, su ma ina da faɗa da su. Su ne 'yan ka-saki-ranka. Waɗannan ba su shan kunu, haƙora su ke shigowa da su a waje. Su ce wa mai ciwon daji, "Ai damuwa ce ke kashe mutum, ka riƙa fara'a kawai, za ka warke." Yanzu ma har a wayar hannu su ke aiko da irin wannan nasiha. Ƙarya ce. Dariya tana rage zafi, tana kawo barci, tana sa a ci abinci, amma ba ta narkar da ƙari, ba ta kashe ƙwayar cuta. A 2007 waɗansu masu bincike a Amurka suka bi sawun mutum 1,093 masu ciwon daji na kai da wuya, suka duba ko masu kwanciyar rai sun fi masu baƙin ciki daɗewa a duniya. Ba su sami bambanci ba. Akwai wata Ba'amurkiya, Gilda Radner, wadda sana'arta ke nan ba mutane dariya. Aka gano ciwon daji a jikinta a 1986, ta yi ta raha da shi, da zubewar gashinta, da likitocinta, amma ta rasu a 1989 tana da shekara 42. Raharta ba ta hana ajali ba. Abin da ta yi shi ne ta sa matar ta rayu shekarun nan uku tana ita ce, ba gado na bakwai ba. Bayan rasuwarta, a 1995, aka buɗe wani gida da sunanta inda masu ciwon daji da iyalansu ke taruwa su yi hira, su yi kuka, su yi dariya.

Saboda haka mai tarin fuka ya sha maganinsa wata shida cur, kada ya yanke don ya ji sauƙi. Mai suga ya kiyaye abincinsa da allurarsa, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum. Wanda ya ce maka fara'a za ta tsaya a madadin wannan, kabari ya ke haƙa maka yana murmushi. Kuma akwai wata cuta a maganarsu wadda ba su lura da ita ba. In fara'a ce ke warkarwa, ashe wanda ciwonsa ya tsananta laifinsa ne, bai yi fara'ar da ta isa ba. Sai ka ga majinyaci yana yaƙe don kada a ce ya karaya, kukansa ya rasa inda zai yi shi. Mai tilasta masa dariya da mai hana shi, ni duk ɗaya na ɗauke su, gama kowannensu ya shigo ɗakin wani ya zaɓa masa fuskar da zai sa.

Saura hujja guda, ita ce mai ƙarfi, ba zan ɓoye ba. Za a ce in aka buɗe ƙofar wasa da ciwo, ina za a tsaya? Ba mu ne mu ke barin yara suna bin mai taɓin hankali da waƙa da jifa ba? Ba mu ne mu ke kwaikwayon mai in'ina da mai farfaɗiya ba? Matan da yoyon fitsari ya same su wurin haihuwa, ba toshe hanci da dariyar ƙeta suka kore su daga cikin mutane ba? Haka ne, kuma abin kunya ne. Amma wannan dariya da waccan ba uwarsu ɗaya ba. Rarrabe su kuwa ba wuya: dubi fuskar mai ciwon. In shi ya fara, ko kuwa yana ciki har ya fi kowa jin daɗi, raha ce. In ana yi shi yana sunkuyar da kai, ko ana yi a bayan idonsa, izgili ne, haramun ne. Ƙofar a hannun majinyaci ta ke. In ya buɗe ka shiga, in ya rufe ka zauna ka yi masa addu'a. Mutum guda yana iya buɗewa da safe ya rufe da yamma, ba kuwa sai ya ba ka dalili ba.

Abin mamaki, kakanninmu sun san wannan sarai, har sun naɗa waɗanda aikinsu ne su yi wasa a inda kowa ya kasa. Akwai wasan taubasai, ɗan mace da ɗan namiji. Akwai na jika da kaka, wanda ko ran mutuwar tsoho ba a hana jikoki yi. Akwai na gari da gari da na ƙabila da ƙabila: Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarabawa, Filani da Barebari. Har makafi da kutare suna da nasu, kowa yana zolayar ɗan'uwansa da abin da ya rasa, ba mai fushi. A ƙasar Nijar an ɗauki wannan al'ada da daraja, har a 2014 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam. Turawa sai da suka ɗaura wa mutane ƙanƙara kafin su yarda, mu kuwa muna da abin a gida, muna barinsa a ƙofar asibiti tare da takalma.

Malam Wane ya yi kwana biyu ba ya ko son magana. Matarsa, wadda ke kwana a tabarma ƙarƙashin gadon, ta ce abinci ma sai da lallashi. A rana ta uku direban ofishinmu, wani Babarbare mai tsage a fuska, wanda ya yi tafiya bai sami zuwa da mu ba, ya faɗo ɗakin. Baffa yana nan zaune. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya, ya ce, "Ina bawan nan nawa? An ce likita ya rage mini dukiya! Wa ya ba shi izini ya taɓa mini kaya ban sani ba? Yanzu wa zai saye shi a haka?" Ɗaki ya yi tsit, kowa ya dubi Baffa. Malam Wane ya juyo a hankali, ya ce, "Matso, Babarbare, dā ma jaki na ke nema. Daga yau kai ne ƙafata ta dama." Direba ya juya ga dattijo, ya durƙusa, ya ce, "Baba, kai ma nawa ne, sai dai ka tsufa, na 'yanta ka." Baffa Bafilatani ne, ya san ba a fushi da Babarbare. Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskarsa, gemunsa ya fara rawa, ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suka tona masa asiri. Matar nan da ta yi mako ba ta yi murmushi ba ta fita baranda tana share hawaye, tana dariya. Daren nan, in ji ta, ya sha fura ya yi barci har asuba.

Ya yi wata biyu a asibiti. A gado na kusa da shi akwai wani manomi wanda maciji ya sara, aka yi jinkirin kawo shi, aka yanke masa ta hagu. Suka gwada, ashe takalminsu lamba ɗaya ne. Tun daga nan in salla ta zo su kan haɗa kuɗi su sayi takalmi guda, su raba, Malam Wane ya ɗauki na hagu, manomi ya ɗauki na dama. Shekara huɗu suna haka, har ciwon ya taɓa wa Malam Wane ƙoda, Allah ya yi masa rasuwa. Duk shekara kuwa sai sun yi gardama a gaban mai kanti, shi yana son baƙi don zuwa ofis, manomi yana son ja.